Sauyin Shugabanni da Yunƙurin Haɗewa a Kamfanonin Jiragen Dakon Kaya na Amurka

Kamfanoni shida ne ke riƙe da mafi yawan dakon kaya ta jirgin ƙasa a nahiyar Amurka ta Arewa. Biyu na yammacin ƙasar Amurka ne, Union Pacific da BNSF. Biyu na gabas ne, CSX da Norfolk Southern. Sauran biyun, Canadian National da CPKC, hedikwatarsu tana Kanada, amma layukansu sun ratso tsakiyar Amurka har bakin teku ta kudu. Dukansu na 'yan kasuwa ne. Kowane kamfani shi ya mallaki dogonsa da gadojinsa da kawunan jiragensa, shi ke gyara su da kuɗinsa, shi kuma ke yanka kuɗin dako. Kwal, hatsi, takin zamani, sinadarai, katako, sababbin motoci da kwantenonin da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa, duk ta hannunsu suke bi. Har alkamar da kamfanonin fulawa na Najeriya ke saye daga Amurka, mafi yawanta a tarago take barin jihohi irin su Kansas da Oklahoma kafin ta isa bakin ruwa.

Tsakanin 2022 da 2025, huɗu daga cikin kamfanoni shidan sun canza shugaba, biyu daga cikinsu ma har sau biyu. A ranar 29 ga Yuli, 2025 kuma, Union Pacific ya sanar da cewa zai sayi Norfolk Southern a kan dala biliyan 85. In cinikin ya tabbata, zai haifar da kamfanin dakon kaya na farko a tarihin ƙasar da dogonsa ya miƙe daga tekun Fasifik zuwa na Atilantika. Igiya ɗaya ce ta ɗaure abubuwan biyu. Irin masu hannun jarin da ke sauke shugabanni su ne ke neman haɗewar, kuma dalilinsu ɗaya ne: harkar ta kusa ƙure abin da za ta iya ragewa na kashe kuɗi, kayan da take ɗauka kuwa sun ƙi ƙaruwa.

Kafin a kawo ga shida, an daɗe ana haɗiyar juna. Tun daga 1887 wata hukumar gwamnatin tarayya ce ke sa ido kan farashin dako, kuma kamfani ba ya iya rufe layi ko da asara yake yi sai da izininta. Da manyan motoci suka samu sababbin titunan da aka shimfiɗa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai reluwe ta shiga mawuyacin hali. A 1970 Penn Central, babban kamfanin arewa maso gabas, ya durƙushe, karayar arzikin da ba a taɓa ganin irinta ba a ƙasar a lokacin. Gwamnati ta tattara ɓaragunsa da na wasu ta kafa Conrail a 1976. Sannan a 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar Staggers, wadda ta sakar wa kamfanonin mara: su yanka farashi da kansu, su ƙulla yarjejeniya da mai kaya kai tsaye, su kuma yar da layin da ba ya biyan kansa. Dokar ta ceci harkar, wannan babu ja. Amma ta buɗe ƙofar haɗe-haɗe. Manyan kamfanoni fiye da 30 ne a lokacin da aka kafa ta. A 1995 Burlington Northern ya haɗe da Santa Fe, aka samu BNSF. A 1996 Union Pacific ya haɗiye Southern Pacific. A 1999 CSX da Norfolk Southern suka raba Conrail tsakaninsu.

Haɗe-haɗen ƙarshen nan ne suka bar tabon da har yau ake waiwaya. A 1997, shekara guda bayan Union Pacific ya karɓi Southern Pacific, filayen jera taragu na birnin Houston suka cushe. Cunkoson ya bazu zuwa sauran layuka, jirage suka tsaya cirko-cirko ba direbobi, hatsi ya jibge a ƙasa, masana'antun sinadarai suka rage aiki, har sai da hukumar STB, wadda ta gaji tsohuwar hukumar a 1996, ta ba da umarnin gaggawa. Rabon Conrail ma bai tafi lami lafiya ba, domin kwamfutocin kamfanonin sun riƙa ɓatar da taragu. Saboda haka, da BNSF da Canadian National suka zo da nasu shirin haɗewa a ƙarshen 1999, hukumar ta dakatar da duk wata babbar haɗewa na tsawon wata 15, shirin kuma ya mutu a 2000. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya ja da baya. A 2001 STB ta fito da sababbin ƙa'idoji masu tsauri. Bai isa masu neman haɗewa su nuna cewa ba za su rage gasa ba, dole su nuna za su ƙara ta. Dole su kawo tsarin da zai hana aiki tsayawa lokacin haɗa layukan, kuma dole a duba abin da sauran kamfanoni za su yi don mayar da martani. Shekara 24 babu wata haɗewa da ta tsallake waɗannan ƙa'idoji.

Da ƙofar haɗewa ta rufu, sai neman riba ya koma cikin gida, kuma a nan ne sunan Hunter Harrison ya shigo. Mutumin Memphis ne da ya fara aiki a matsayin mai zuba wa ƙafafun taragu mai, ya yi ta hawa har ya shugabanci Illinois Central, sannan Canadian National daga 2003 zuwa 2009. Tsarinsa, wanda ake taƙaita sunansa da PSR, mai sauƙin bayani ne. Jirgi ya tashi a kan lokaci ko da bai cika ba. A rage yawan jirage, a ƙara musu tsawo. A rage wuraren da tarago ke tsayawa ana sake jera shi. Duk kan jirgi, ko fili, ko ma'aikacin da aikin zai iya tafiya ba shi, a cire shi. Ma'aunin da ake duba nasara da shi guda ɗaya ne: cikin kowace dala da ta shigo, senti nawa aka kashe wajen gudanar da aiki. Wannan adadi shi ne abin da masu nazarin hannun jari a New York ke fara tambaya duk bayan wata uku.

Abin da ya mayar da Harrison abin koyi shi ne yadda ya koma bakin aiki bayan ritaya. A 2011 Bill Ackman, mai kamfanin zuba jari na Pershing Square, ya sayi babban kaso a Canadian Pacific, wanda daga baya ya zama CPKC, a 2012 kuma ya ja sauran masu hannun jari suka kayar da daraktoci, aka naɗa Harrison. Cikin shekaru kaɗan kashe kuɗin kamfanin ya sauko daga sama da senti 80 a dala zuwa wajen 60, darajar hannun jari ta ninka. A 2017 Paul Hilal na Mantle Ridge ya maimaita wannan a CSX. Harrison ya shiga a watan Maris, ya rufe mafi yawan manyan filayen jera taragu cikin 'yan watanni, masu kaya suka yi ta kokawa har STB ta kira zama, shi kuma ya rasu a Disamban wannan shekarar yana da shekara 73. Amma darasin ya riga ya zauna. Mai kuɗin da ya riƙe ko da ƙaramin kaso na iya rubuta wasiƙa, ya nuna cewa kamfani na kashe kuɗi fiye da takwarorinsa, ya kawo sunan wanda zai gyara, kuma sau da yawa daraktoci su bi.

Kusan duk sauye-sauyen baya-bayan nan wannan sawu suka bi. A Canadian National, kamfanin zuba jari na TCI ne ya matsa bayan da yunƙurin Canadian National na sayen kamfanin jirgi na Kansas City Southern ya ci tura a 2021. Jean-Jacques Ruest ya sauka, Tracy Robinson ta hau a farkon 2022. A Union Pacific, Soroban Capital ne ya fito fili a Fabrairun 2023 ya nemi a cire Lance Fritz, ya kuma ambaci Jim Vena, wanda ya shafe kimanin shekara 40 a Canadian National, ya kuma yi aiki a zamanin Harrison. A watan Agusta Vena ya karɓi kujera. Keith Creel na CPKC shi ma ɗan gidan Harrison ne, tare suka yi aiki a kamfanoni uku. Wanda ya fita daga wannan layi shi ne BNSF, domin tun 2010 yake hannun Berkshire Hathaway na Warren Buffett gaba ɗaya, babu hannun jarinsa a kasuwa, saboda haka babu mai aika masa wasiƙa. Katie Farmer ke shugabantarsa tun Janairun 2021, mace ta farko da ta riƙe ɗaya daga cikin manyan kamfanonin.

Labarin kamfanonin gabas biyu ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a can ne aka gwada wata hanyar daban. Zuwa 2022 illar matsi ta bayyana. A zaman da STB ta yi a watan Afrilun shekarar, an nuna cewa manyan kamfanonin sun rage kusan kashi 30 cikin 100 na ma'aikatansu cikin shekara shida, wajen mutum 45,000. Da kaya suka dawo bayan annobar korona, babu isassun direbobi. Hukumar ta kai ga umartar Union Pacific ya kai masara ga Foster Farms, babban kamfanin kiwon kaji na Kalifoniya, domin abincin kajin ya kusa yankewa. A Disamba sai da majalisar dokoki ta tilasta wa ma'aikatan reluwe karɓar yarjejeniyar albashi don hana yajin aiki, kuma abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne rashin hutun jinya mai albashi.

A wannan yanayi Alan Shaw, wanda ya zama shugaban Norfolk Southern a Mayun 2022, ya ce kamfaninsa zai daina sallamar direbobi duk lokacin da kasuwa ta ja baya, zai riƙe su don a same su in kaya sun dawo. Wata biyu bayan ya bayyana wannan manufa, a ranar 3 ga Fabrairu, 2023, jirgin kamfanin ya goce daga dogo a garin East Palestine na jihar Ohio. Taragu 38 ne suka kauce, aka ƙona sinadari mai guba a fili, hayaƙin ya turnuƙe garin. Bincike ya gano cewa boris ɗin ƙafar wani tarago ne ya yi zafi ya lalace. Kamfanin ya amince zai biya mazauna yankin dala miliyan 600, ban da kuɗin tsabtace ƙasa da ruwa. Riba ta faɗi, sai kamfanin zuba jari na Ancora ya taso a 2024 yana neman a kori Shaw. Ya samu kujeru uku a kwamitin daraktoci, Shaw ya sha da ƙyar, bayan ya ɗauko John Orr daga CPKC, wani ɗan tsarin PSR, ya damƙa masa gudanar da jirage. A Satumba daraktoci suka sallami Shaw saboda wata alaƙa da wata babbar jami'ar kamfanin da ta saɓa ƙa'idar aiki. Mark George, jami'in kuɗi, ya gaje shi, kuma wata goma bayan haka ya amince da tayin Union Pacific.

A CSX kuwa, Joe Hinrichs ya zo daga kamfanin motoci na Ford a Satumban 2022, ya mayar da hankali kan gyara dangantaka da ma'aikata da masu kaya. Kamfaninsa ne ya fara ba wasu ƙungiyoyin ƙwadago hutun jinya mai albashi a 2023. Shekarar 2025 ta zo masa da nauyi biyu: aikin ƙara wa ramin Howard Street na birnin Baltimore sarari don jirage masu kwantena hawa biyu su iya wucewa, da sake gina layin da guguwar Helene ta share a tsaunukan jihohin Carolina ta Arewa da Tennessee. Duka biyun ayyuka ne da dole a yi su, kuma duka biyun sun ɗaga kashe kuɗi na ɗan lokaci. Da labarin cinikin Union Pacific ya fito, Ancora ya rubuta a watan Agusta cewa CSX ya nemi abokin haɗewa ko ya canza shugaba. A ƙarshen Satumba aka sauke Hinrichs, aka naɗa Steve Angel, wanda aka fi saninsa da haɗa kamfanonin iskar masana'antu na Praxair da Linde a 2018. Zaɓen mutumin da gwanintarsa ita ce haɗa manyan kamfanoni saƙo ne da kowa a harkar ya fahimta. Abin takaici a nan shi ne, shugabanni biyun da suka yi ƙoƙarin sa ingancin aiki gaba da adadin wata uku, babu wanda ya wuce shekara uku a kujera. Dogo abu ne da ake shimfiɗawa don shekara 40 ko 50, kuma da wuya mai kujerar shekara uku ya yi masa tanadin da ya dace.

Hujjar masu goyon bayan haɗewar ba ta banza ba ce, ya kamata a ba ta haƙƙinta. Kogin Misisipi kusan shi ne iyaka tsakanin kamfanonin yamma da na gabas. Kwantenar da ta sauka a Los Angeles za ta tafi New Jersey dole ta canza hannu a Shikago, ko St. Louis, ko Memphis, ko New Orleans. A Shikago, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jiragen kayan ƙasar ke ratsawa, wasu kwantenonin ma sauke su ake yi, a ɗora wa mota ta ratsa gari zuwa tashar ɗaya kamfanin. Ana asarar kwana ɗaya ko biyu, kuma in kaya suka makara kowane kamfani ɗora wa ɗan'uwansa laifi yake yi. Akwai kuma wata matsala da ba a cika lura da ita ba. Kayan da za su tashi daga wani wuri kusa da kogin ta yamma zuwa wani wuri kusa da shi ta gabas, tafiyar ta yi wa kowane kamfani gajarta, rabonsa na kuɗin bai kai ya wahala ba, sai a bar wa manyan motoci. Layi ɗaya mai tsawon sama da mil 50,000, kimanin kilomita 80,000, a jihohi 43, zai iya ɗaukar irin waɗannan kaya. Kuma jirgin ƙasa yana cin mai ƙasa da na mota sau uku zuwa huɗu a kan nauyi ɗaya. Ga harkar da kwal, tsohon ginshiƙinta, ke ta raguwa tun 2008, ƙwato kaya daga hannun motoci ita ce kaɗai hanyar girma.

Sai dai hujjar tana da giɓi. Gaskiya ne layukan Union Pacific da Norfolk Southern ba su cika haɗa hanya ba, ƙarshen wannan ne farkon wancan, don haka wuraren da za a koma daga kamfani biyu zuwa ɗaya kaɗan ne. Amma gasa ba a nan kaɗai take ba. Masana'antar da ke kan layin Norfolk Southern a jihar Georgia, in za ta aika kaya yamma, yau tana iya zaɓen Union Pacific ko BNSF a mahaɗa, ta yi ciniki da su biyun. Bayan haɗewa, kamfanin da ke bakin ƙofarta yana da kowane dalili na yanka farashi yadda kayan ba za su bar layinsa ba. Masu sinadarai da masu hatsi, waɗanda kayansu suka yi wa mota nauyi ko haɗari, su ne ba su da mafita, shi ya sa ƙungiyoyinsu ke kan gaba wajen adawa. Sabon kamfanin zai riƙe fiye da kashi 40 cikin 100 na dakon dogo a ƙasar. Sannan da yawa daga cikin alfanun da ake alkawari ana iya samun su ba tare da saye ba. A Agustan 2025 BNSF da CSX suka sanar da haɗin gwiwar jigilar kwantenoni daga gaɓa zuwa gaɓa, kuma Buffett ya bayyana cewa ba shi da niyyar sayen wani kamfanin jirgi.

Masu neman haɗewar kan kafa misali da CPKC, wanda aka samu daga haɗewar Canadian Pacific da Kansas City Southern, amma misalin bai cika daidai ba. Kansas City Southern shi ne mafi ƙanƙanta cikin manyan a lokacin, kuma ƙa'idojin 2001 sun keɓe shi tun farko, don haka da tsofaffin ƙa'idoji masu sassauci aka auna cinikinsa da Canadian Pacific. An amince da shi a Maris ɗin 2023, kamfanin ya fara aiki a Afrilu, layinsa ya haɗa Kanada da Amurka da Meziko. Duk da ƙanƙantarsa, lokacin da aka haɗa kwamfutocin ɓangarorin biyu a Mayun 2025, aiki ya rikice na makonni a kudancin Amurka. Cinikin Union Pacific ya ninka wancan kusan sau uku a kuɗi, kuma kuskure a cikinsa zai taɓa gaɓar teku biyu a lokaci guda.

Ma'aikata sun rabu. Ƙungiyar SMART-TD, mafi girma a reluwe, ta goyi baya bayan ta samu alkawarin kare ayyukan 'ya'yanta, yayin da ƙungiyar direbobi da ta masu gyaran dogo, duka a ƙarƙashin babbar ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters, suka ƙi. Masu hannun jarin kamfanonin biyu sun amince da gagarumin rinjaye a Nuwamban 2025. Hukuncin yana hannun STB, ita ma ba ta tsira daga siyasa ba. A Agustan 2025 Shugaba Donald Trump ya kori Robert Primus, mamban da shi kaɗai ya ƙi amincewa da cinikin CPKC, matakin da ya jefa shakku kan 'yancin hukumar a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Duk da haka, da kamfanonin suka miƙa takardunsu a Disamba, hukumar ta mayar musu da su a Janairun 2026 saboda bayanan ba su cika ba, ta ba su damar sake gabatarwa.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce wadda ƙa'idojin 2001 suka tanada: me zai biyo baya? In Union Pacific ya samu layi daga teku zuwa teku, BNSF zai rasa ɗaya daga cikin abokan miƙa kaya biyu da yake da su a gabas, CSX kuma zai ga ɗaya daga cikin abokansa na yamma ya zama kishiyarsa a gida. Duk abin da shugabanninsu ke faɗa yau, matsin zai tura su wuri ɗaya, kuma a CSX an riga an zaunar da mutumin da ya san wannan aiki. Saboda haka abin da ke gaban hukumar ya wuce ciniki ɗaya. Amincewa da shi na nufin amincewa da Amurka mai manyan kamfanonin dogo biyu, kuma haɗewar reluwe ba ta warwaruwa: da zarar an rufe fili, an tuge dogo, an haɗa kwamfutoci, babu komawa. Idan kamfanonin ba su iya nuna, da alƙaluma da sharuɗɗan da za a iya tilasta musu bi, cewa mai kayan da layi ɗaya ne a ƙofarsa zai ƙara samun zaɓi ba, to ba su cika sharaɗin 2001 ba, kuma bai kamata STB ta amince ba.